Daga Sokode zuwa Dapaong: yadda ake ziyarar wuraren tarihin arewacin Togo

Tsakanin Sokode da Dapaong tafiyar kusan kilomita 300 ce, a kan babbar hanyar da ta taso daga Lome ta nufi iyakar Burkina Faso. Wanda ya bar Sokode da hantsi zai iya yin la'asar a Dapaong. Wannan kusancin ne ke yaudarar masu zuwa yawon buɗe ido karo na farko: su ware kwana uku, su cika mota, su riƙa tsayawa bakin kwalta suna ɗaukar hoto, su koma Kano ko Maradi suna cewa babu abin gani a Togo sai duwatsu da manyan motocin kaya. Raka baƙi a wannan hanya shi ne aikina, kuma kurakuran da nake gani ba sa sauyawa: gaggawa, zuwa a lokacin da bai dace ba, da kutsawa wuri ba sallama.

Na ukun ya fi damuna. Wuraren tarihin wannan yanki, in ka cire kaɗan, suna da masu su. Gidan ƙasa mai bene da ka gani a hoto, yanzu haka wata na girki a cikinsa. Kurmin da ka ɗauka wurin shan iska ne, can mutanen ƙauyen ke yi wa kakanninsu yanka. Don haka duk abin da zan faɗa ya rataya ne a kan lokaci da izini. Sunayen garuruwa na rubuta su yadda muke faɗarsu, inda suka bambanta sosai da allon hanya na sa yadda hukuma ke rubuta su.

Abin da za ka tanada

– Fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, yana da damar zama har kwana 90. Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, saboda haka ɗan Nijar ya tabbatar da ƙa'idar da ke aiki kafin ya tashi. Ka yi kwafi biyu na kowace takarda, ka raba su a jaka daban-daban.

– Katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tafiya, don sai bayan nan katin ke aiki. Rashinsa ne ya fi jawo cacar baki a bakin iyaka.

– Sefa a hannu, mafi yawa ƙananan takardu da tsaba. Mutumin Kano ya yi canjinsa tun daga Wapa. Takardar 10,000 ba ta da amfani a ƙauye, domin ba mai canji. Ka kuma sani Hausawan ƙasashen sefa da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce: in mai goro ya ce maka ashirin, sefa 100 yake nufi.

– Layin waya na Togo mai asusun kuɗi, ko Flooz na Moov ko wanda aka fi sani da T-Money.

– In da motarka za ka zo: katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, da takardar izinin shiga da mota daga kwastan.

– Takalmi mai riƙe dutse, tocila, gidan sauro, maganin zazzaɓi, rigar sanyi, da hular kwano in za ka riƙa hawa zemijan, wato acaɓarsu.

– Mai jin Faransanci, ko mutum ɗaya ne a cikinku. Hausa za ta kai ka zango, tasha da kasuwa, amma ba za ta fishe ka a ofishin jandarma ko a ƙauyen Batammariba ba.

In ku da yawa ne, ku bi tsarin fataken da suka riga ku bin wannan ƙasa. Ayarinsu yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki mai riƙe kuɗin fito. Ku ma mutum ɗaya ya riƙe asusu, mutum ɗaya kuma ya riƙa magana a shingen jami'an tsaro. Inda baki biyar ke amsa tambaya ɗaya, nan ake daɗewa.

1. Zaɓi lokaci, ka ba tafiyar kwanakinta

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ne lokacin da ya fi. Ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, an yi girbi, mutane na da sukunin karɓar baƙo. Hazon hunturu zai rage maka hangen nesa daga kan duwatsu, wanda ke son hoto mai kyau sai ya zo a Nuwamba. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani, musamman daga Mango zuwa arewa, kuma ban yarda a hau dutse da azumi a baki a waɗannan watanni ba.

Damina na da nata kwaɗayin. Kokawar Evala ta Kabiye a Yuli ake yin ta, bikin sabuwar doya na Basar kuma a farkon Satumba. Sai dai wanda ya zo dominsu ya san cewa hanyar ƙauye za ta iya hana shi rabin abin da ya zo gani.

Kwana 10 zuwa 12 nake ba da shawara. Wanda bai da su gara ya tsaya a Kande, kafin a kai Mango, ya ga rabin farko sosai, ya bar saura sai wani jiƙon.

2. Zaɓi ƙofar shiga

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauka Lome, ta jirgi ko ta gaɓar teku daga Legas da Kwatano, sannan a hau bas zuwa Sokode, kimanin kilomita 340. Ɗaya hanyar ta Borgu ce: Cikanda, Nikki, Paraku, Jugu (Djougou), a shiga Togo ta wajen Ketawo a fito Kara. Ta biyun ta fi ma'ana ga Bahaushe, domin kusan ita ce tsohuwar hanyar fataken goro ta zuwa Gwanja. Amma arewacin Benin na fama da matsalar tsaro, kuma mashigar Gaya da Malanbil ta shiga ruɗani tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Tambayi direbobin da suka bi hanyar a makon nan, kada ka dogara da labarin bara.

Da ka shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Mutane kan manta, su je tasha tun kafin a buɗe, ko su yi ruɗu a lokacin salla.

3. Sokode: ka sami maigida kafin ka fara yawo

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a kwana ɗaya a otal a wuce. Sokode gari ne da sai an gabatar da kai yake buɗe maka. Ko a otal ka sauka, washegari ka je Zango ka gai da sarkin zango ko limami, da ɗan goronka, ka faɗi daga inda ka fito da abin da ya kawo ka. Su za su haɗa ka da yaron da zai zagaya da kai, su ne kuma za su ba ka sunan wanda za ka nema a Bafilo, Mango da Dapaong. Wannan sarƙar ta fi kowace taswira amfani a gaba.

Ka fara da Didawure (Didaouré), tsohuwar unguwar 'yan kasuwa Musulmi. Tun kafin Bature ya zo, ayarin fatake kan taso daga Kano da kanwa, tufafi da jan fata, su ratsa Borgu da Jugu, su shigo ƙasar Kotokoli, wato wannan yanki na Sokode, a kan hanyarsu ta zuwa Salaga sayen goro. A irin wannan unguwa suke sauke kaya, wasunsu kuma ba su ƙara ɗauka ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa wannan kasuwa, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa Kete-Karaci da wasu garuruwa. Cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya rasu a 1934, wanda ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich tarihin ƙasashen Hausa. Duk wanda ya san wannan kafin ya shiga Didawure, zai san tambayar da zai yi wa dattawa. Ba ganuwa ko ƙofar gari za ka gani ba. Lunguna ne, da masallatai, da zuriyoyin da ke iya faɗa maka daga inda kakansu ya taso. Ka zauna, ka sha shayi, ka bar su su yi magana.

Rana ta biyu ta zamanin Jamus ce. Jamusawa sun kafa barikinsu a Sokode da goyon bayan sarki Uro Jobo na Paratawo, wanda mahayan dawakinsa suka yi suna a yankin. Mulkinsu ya ƙare a 1914, amma akwai sauran gine-ginensu a unguwar hukuma, da maƙabartar Turawa, da itatuwan katako na tek da aka fara dasawa a lokacinsu. Wasu gine-ginen ofisoshin gwamnati ne har yau, don haka kada ka ɗaga waya sai ka tambayi mai gadi. Ka leƙa gidan adana kayan tarihi na jihar, sannan ka je wurin masaƙa. Zanen saƙi na Kotokoli ya cancanci kuɗinsa, kuma a bakin masaƙa ya fi araha.

In tafiyarka ta dace da bikin Gadawo-Adosa za ka ga sukuwar dawaki da rawar wuƙa, inda maza ke goga kaifi a jikinsu, abin da zai tuna maka da 'yan tauri. Asalinsa na da alaƙa da watan Maulidi, amma ranar taron hukuma kan sauya, sai ka tambaya tun da wuri.

4. Ratse zuwa Basar

Kimanin kilomita 60 ne daga Sokode ta arewa maso yamma, kuma yawancin baƙi kan tsallake shi. Asara ce. Ƙasar Basar na cikin manyan wuraren narka tama na Afirka ta Yamma. Masu binciken tono sun gano an fara aikin ƙarfe a nan fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ba a kuma daina ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 20. A Nangbani, kusa da gari, da Banjeli can gaba, akwai sauran murhunan yumɓu da suka fi mutum tsawo. Abin lura shi ne ba zuga-zugi ake sa musu ba: tsawon murhun da ƙofofin gindinsa ne ke jawo iska da kansu. Kada ka jingina da su, kada ka hau, kada ka tsinci kashin tama ka sa a aljihu. Yumɓun ya tsufa, ɗan turi kaɗan kan tsaga shi. Ka ci sakwara kafin ka juyo, doyar Basar ce ta fi suna a Togo.

5. Alejo, Bafilo da Kara

A hanyar Kara akwai tsagin dutsen Alejo (Alédjo), inda tsohuwar kwalta ta ratsa tsakiyar dutse. An yi sabuwar hanya da ta kauce masa, don haka in ba ka gaya wa direba ba zai wuce da kai. Kada a ajiye mota a kan kwana. Bafilo garin Musulmi ne mai masaƙa da magangarar ruwa, ya isa yini guda.

Kara wurin hutu ne da cika tanki da ciro kuɗi. Mai neman lambu irin na Turai ba zai samu ba, amma ya roƙi a kai shi gonakin Kabiye a gefen duwatsu, inda aka jera duwatsu hawa-hawa ana tare ƙasa don noma. A ganina wannan ya fi kowane lambun ado ban sha'awa. Sarakawa na kusa, inda jirgin Shugaba Eyadema ya faɗi ranar 24 ga Janairun 1974. Daga nan zuwa arewa ka riƙa tambayar naman da ke cikin miya, ka nemi mahaucin zango, domin ba kowa ke yanka irin namu ba. Ka yi tambayar cikin ladabi, kai ne baƙo.

6. Kutammaku: gidajen ƙasa masu bene

Nan ne zuciyar tafiyar. Daga Kara zuwa Kande kimanin kilomita 55 ne, daga nan a karkata gabas zuwa Nadoba, kusa da iyakar Benin. Ƙasar Batammariba ce, waɗanda ake kuma kira Tambarma. Hukumar UNESCO ta sa Kutammaku (Koutammakou) cikin wuraren tarihin duniya a 2004, ta faɗaɗa shi ya haɗa da ɓangaren Benin a 2023. Akwai wurin biyan kuɗin shiga bayan Kande, a nan ake haɗa baƙo da ɗan rakiya. Ka biya, ka karɓi rasit, ka ɗauki ɗan rakiyar. Masu kewayewa ta bayan fage don tsimin 'yan kuɗi kaɗan su ne ke ƙarewa a tsaye nesa da gidajen, ba wanda ya ce musu bismilla.

Gidan sunansa takiyenta. Hasumiyoyin ƙasa ne zagayayyu da aka haɗa da bango, ƙofa ɗaya tak, tana duban yamma. Ƙasa wurin dabbobi ne da niƙa, duhu ne ƙirin. Sama akwai soro inda ake shanya hatsi, da ƙananan ɗakunan kwana, da rumbuna masu hular ciyawa da ake hawa da tsani na reshe mai baki biyu. Maza ke gini, mata ke yaɓe, kuma sukan shafe bango da ruwan ɓawon ɗorawa, wato makubar da maginan Kano da Zariya suka sani. Duk wanda ya duba ƙanƙantar ƙofar da ramukan leƙe zai gane an yi gidan ne don mutum ya kare iyalinsa da hatsinsa daga mahara.

Ga ƙa'idodin da ba na sassautawa a kansu. A gai da mai gida tukuna, ta bakin ɗan rakiya. Tulin ƙasar da ke gaban ƙofa wuraren bautar gidan ne. Ba a zama a kansu, ba a ɗora jaka, ba a taɓa gashin kaza ko abin da aka rataya. Imaninka daban da nasu, wannan ba ya ba ka damar yamutsa fuska ko yin wa'azi a ƙofar mutumin da ya buɗe maka gidansa. Hoton mutum sai da yardarsa, musamman tsofaffin mata. A hau soro mutum uku ko huɗu a lokaci guda, domin azara da ƙasa ne ke ɗauke da shi, kuma ruwan damina mai yawa kan rusa waɗannan gidaje, kamar yadda ya faru da da yawa a 2018. Kurmin da aka ce ba a shiga, ba a shiga, ko da fitsari ya matse ka. Kada a raba wa yara kuɗi ko alewa, yana koya musu barin makaranta su tare hanya. Abin da za ka bayar ka ba mai gida, ko ka sayi tukunya ko ƙwarya daga hannun matan gidan.

Ka yi ƙoƙari ziyarar ta haɗa da Laraba, ranar kasuwar Nadoba. Kwana biyu ne mafi ƙaranci, don gida ɗaya da aka zauna aka fahimta ya fi goma da aka leƙa.

7. A Kande ka tsaya ka sake shawara

Daga nan gaba maganar ta sauya. Jihar Savanes, wadda Mango da Dapaong ke ciki, tana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro tun Yunin 2022, bayan harin da aka kai Kpekpakandi a gundumar Kpenjal a watan Mayun shekarar, inda aka kashe sojoji 8. An sha sabunta dokar tun daga lokacin. Mutane na zaune, kasuwa na ci, motoci na bin babbar hanya kullum, amma baƙo ba ɗan gari ba ne. Kafin ka wuce Kande, kira mutumin da aka ba ka sunansa a Dapaong, ka kuma tambayi jandarma ko akwai izinin da ake buƙata. In ɗayansu ya ce ka dakata, tafiyarka ta ƙare a nan, kuma ka riga ka ga abin da ya fi yawa.

In an ce bismilla, to da rana kawai ake tafiya, a kan babbar hanya kawai. Ba a ɗaukar hoton soja, shinge ko gada, ba a tashin na'urar ɗaukar hoto mai tashi sama. Baƙon da ke ratsa ƙauyuka a kan babur ba tare da ɗan gari ba yana jawo wa kansa zargi, ya kuma jawo wa zangon da ya sauka.

Mango na bakin kogin Oti. Anufo, waɗanda muke kira Cakosi, su suka kafa ta a ƙarni na 18, ta kuma zama babban zango a ɗaya hanyar goro, wadda ke bi ta Gurma da Yendi. Ka kwana ɗaya, ka gai da malaman gari, ka ga abin da ya rage na barikin Jamus. Akwai dorina a Oti. Daga nesa ake kallonta, tare da masunci.

8. Dapaong da rumbunan kogon Nok

Dapaong, ko Dapango a bakin tsofaffi, garin Moba da Gurmawa ne, kimanin kilomita 70 daga Mango. Ka fara da gidan adana kayan tarihi na jihar da kasuwar Asabar, ka ci gasasshen zabo. Sannan ka je ofishin perfe ko wurin jandarma tare da maigidanka ka faɗi niyyarka ta zuwa Nok.

Nok na kudu maso yammacin gari, wajen Nano, a gundumar Tanjuware. Wani dogon kogo ne a jikin gangaren dutse, an cika shi da rumbunan yumɓu, 134 a Nok, 113 a Mamprug da ke kusa. A nan mutanen yankin ke ɓuya da iyalansu da hatsinsu tsakanin ƙarni na 17 da na 19, musamman daga hare-haren Cakosi. Shi ya sa nake so a ga Mango kafin Nok: daga can mahaya ke tasowa, a nan manoma ke fakewa, labari ɗaya ne. Wurin na cikin jerin da Togo ta miƙa wa UNESCO tun 2000.

Ana gai da sarkin ƙauye a biya abin da aka yanka, shi zai ba da mai rakiya. Da tsanin ƙarfe ake sauka kogon daga saman dutse. Mutum ɗaya a kan tsani a lokaci guda, fuska ga dutse, waya a aljihu, babbar riga da silifa a bar su a mota. Mai jiri, mai hawan jini da ƙananan yara su tsaya a sama. A cikin kogon rufin ya yi ƙasa, a sunkuye ake tafiya, kuma kada a dafa rumbu don neman madogara. Ku tashi da sassafe don ku koma gari kafin la'asar.

Zanen duwatsu na Namunjoga yana gabas, ɓangaren da ya fi kusa da inda ake fama, saboda haka a yanzu ba na kai kowa can. Haka kuma ba na ba da shawarar a fita ta Sinkase a ratsa Burkina Faso don a gajarta hanyar Yamai. A juyo ta hanyar da aka zo, a kwana Kara ko Sokode, a kuma koma Zango a yi wa waɗanda suka haɗa ku da mutane ban kwana, a gaya musu yadda kuka sami hanya, domin baƙon da zai zo bayanku da wannan labarin za su sallame shi.